Likita yace jijiyar gefe ɗaya kawai zai bar min, don Allah ku bani shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 57. Ni fa ba maganar furostet (ƙullin dake ƙasan mafitsarar namiji) ce ta kaini asibiti ba, hawan jini naje dubawa sai likita yace tunda za a ɗebi jini bari a haɗa da PSA, gwajin jinin furostet, saura kaɗan ma in ƙi don ranar sauri nake, sakamako ya fito 9, aka sake bayan sati shida bai sauka ba, daga nan sai MRI, sai ɗibar tsoka, ƙarshe dai akace kansar furostet ce. An sa min ranar aiki da robot ɗin nan da Vinci. Abinda ya hanani barci shine yace jijiyoyin dake tada gaba manne suke da furostet dama da hagu, zai bar na dama amma na hagu sai ya haɗa ya cire. Ni so nake ya bar duka biyun. Maiɗakina tasan maganar aikin amma wannan ɓangaren na kasa faɗa mata.

Dattijo: Wa alaikumussalam. Malam saurara min, ni an min aikin shekara 4 kenan. Ba mugunta yake maka ba. Idan kansar ta matso bawon furostet ta hagu, barin jijiyar wajen na nufin wuƙa ta bi dab da ciwon, sai a bar maka ragowa a jiki. Tun 1982 Patrick Walsh ya fara wannan salon a Johns Hopkins, hannu ne da wuƙa a lokacin, robot ido ya ƙara musu da saukin juya hannu amma bai canza inda kansa take ba. Gleason ɗinka nawa, wato makin dake nuna zafin kansar a takardar ɗibar tsoka?

Maman Biyu: Mijina duka biyun aka bar masa, aka ce mana wata shida komai zai dawo, yau wata goma sha huɗu. Kuma ba wanda ya zaunar dani ya min bayani, ni da nake wanke kayan fitsari. Don Allah yaya ka faɗa mata.

Mai tambaya: Zan faɗa mata amma sai na san matsayata. Gleason ban riƙe ba, takardar na mota.

Dattijo: Ka ɗauko, 3+4 daban yake da 4+3. Maman Biyu kar ki karaya, jijiya ko ba a yanke ba ja da zafin na'urar tsaida jini na sa ta suma, farfaɗowa kan kai shekara biyu. Shi yasa ƙwararru ke sa kilif, ɗan abin matse jijiyar jini, a wajen maimakon ƙonawa.

Abokin Kowa: Ni da nine gashin kansar da haske zan zaɓa, ba yanka ba katita.

Dattijo: Hasken ma yana taɓa ƙarfin, a hankali yake zuwa, kuma wasu sai an haɗa musu da allurar rage homon maza.

Ma'aikaciyar Jinya: Baba mai tambaya, ka tambayi likitan ko suna NeuroSAFE. A Hambug ta Jamus aka faro shi, ana barin jijiyar, a daskarar da gefen furostet a duba a madubin likita kana kwance, in an ga kansa sannan a koma a cire. Ba ko'ina ake yi ba. Sannan ka sani ko an bar duka biyun maniyyi ba zai ƙara fita ba, in kana son haihuwa sai a adana kafin aiki.

Mai tambaya: Innalillahi, wannan bai faɗa min ba, ko ya faɗa hankalina baya wajen. Amma ni dai har yanzu gani nake tunda ba inda ke min ciwo ciwon bai kai yadda suke faɗa ba, fitsarina ma lafiya lau.

Dattijo: Nima ba inda ke min ciwo lokacin. Ka ɗauko takardar.

Mai tambaya: Motar na hannun yaro, sai dare in Allah ya kaimu.