Prefix da suffix da root, me za mu kira su da Hausa?

Salamu alaikum malamai. Dan Allah ina neman taimako. Ina yi wa yaran SS3 lesin ɗin Turanci da yamma a wani ƙauye ta wajen Ringim saboda WAEC da JAMB, kuma na lura haddar kalma ɗaya-ɗaya ba ta kai su ko'ina, yau su haddace gobe ta zube. Sai na koma nuna musu yadda ake farfasa kalma, kamar unhelpful, un daban help daban ful daban, kuma wallahi suna kamawa. Matsalar ita ce da na ce prefix ko suffix sai ka ga ido ya raina fata. Ni dai ina ce musu kan kalma da jelar kalma, root kuma jijiya. Ya yi ko akwai wanda ya fi?

Malama daga Kazaure:
Wa alaikumus salam Malam. Ai ba sai ka ƙirƙira ba, masana Hausa sun daɗe da raɗa musu suna, haka aka koya mana a darasin ƙirar kalma. Prefix ɗafa-goshi, suffix ɗafa-ƙeya, wanda yake shiga tsakiya ɗafa-ciki, gaba ɗayansu ɗafi. Root kuma saiwa. Kuma ka fara musu da Hausa kafin Turanci. Ma ɗin da ke manomi da maɗinki da mabuɗi ɗafa-goshi ne, haka ba ɗin Bahaushe da Bakano, anci ɗin Turanci da Larabci ɗafa-ƙeya, gurgu ya koma guragu ka ga ɗafa-ciki. In yaro ya gane ma ɗin manomi shi ne er ɗin farmer, sai dai namu a goshi nasu a ƙeya, ai an wuce wurin.

Wani daga Ɗambatta:
Ni fa jela ta fi min, ɗan ƙauye ya san jela. Kuma yawancin wayoyinmu ba ɗ mai lanƙwasa, ka rubuta dafi mutum ya karanta guba, ka rubuta dafa-goshi ya ɗauka girki ake.

Malama daga Kazaure:
Yaya wannan matsalar kibod ce ba ta kalmar ba, a allo da alli ai ɗ take fitowa. Kuma jela ɗaya dabba take da ita, carelessness fa, less da ness a jere, za ka ce jela biyu?

Tsohon hedimasta, Gumel:
'Yata ta yi gaskiya a kan ɗafi, ban da ja. Inda nake so a tsaya shi ne root ɗin, don abu biyu ne muke cakuɗawa. Akwai kalma cikakkiya da take tsayuwa da ƙafarta, happy, help, care, ka ɗafa mata un ko less. Akwai kuma wadda ba ta yawo ita kaɗai da wannan ma'anar sai a cikin wasu, kuma su ne suka fi wahalar da yaranmu domin daga Latin da Girkanci suka shigo, da yawa ta hanyar Faransanci bayan Normawa sun ci Ingila a 1066. Ɗauki port, asalinta ɗauka ko kaiwa. Im ciki, import shigo da kaya. Ex waje, export fitar da kaya. Trans ƙetare, transport. Able abin da zai yiwu, portable abin da za a iya ɗauka. Ko dict, faɗa, pre kafin, predict faɗin abu kafin ya faru. Tele nesa, telephone murya daga nesa. Ni a ganina happy da help a ce musu tushe tunda ana ganinsu a fili, port da dict a ce saiwa tunda a binne suke sai an tono. Jijiya kuma a bar wa malamin bayoloji, yaro zai tafi tunanin jini.

Ɗalibin zaure daga Birnin Kudu:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Mu da muka yi sarfu, wato ƙirar kalmar Larabci, abin ba baƙo ba ne, kataba, kitabu, katibu, maktaba duk kaf da ta da ba ne. Yaran ƙauye da yawa sun bi ta Islamiyya, Malam ka tuna musu da wannan za su saki jiki.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, na ajiye kai da jela. Amma Baba akwai abin da ke ɗaure musu kai, na ce in da un suna nufin a'a kamar incorrect da unhelpful, sai wata yarinya ta ce to impossible da illegal fa, wani kuma ya ce uncle kenan wanda ba cle ba.

Tsohon hedimasta, Gumel:
Yaron nan ka riƙe shi, yana tunani. Ba kowane un ne ɗafi ba, a cire shi a gani in abin da ya rage yana da ma'ana, uncle da under ba sa farfasuwa haka. Ita kuma yarinyar ka ce mata ɗafin ɗaya ne harafin gabansa ne yake juya shi, gaban p da b da m ya zama im, gaban l ya zama il, gaban r ya zama ir kamar irregular. Mu ma muna yi, rubuta amma marubuci, t ta koma c. Sai ka ja musu kunne kuma in ɗin income da include ciki yake nufi ba a'a ba.

Malama daga Kazaure:
Baba wasu malamanmu saiwa suke cewa duka biyun, kada ɗalibin da zai rubuta jarrabawar Hausa ya rikice. Malam ka gaya musu rabewar tushe da saiwa ta ajin Turanci ce, a takardar Hausa su bi abin da littafinsu ya ce.