Shawarwarin da aka bai wa likitoci masu neman ƙwarewa a manyan asibitocin koyarwa

A wata tattaunawa da aka yi don ba irin waɗannan likitoci shawara, abin da mahalarta suka fi nanatawa shi ne miƙa aiki tsakanin likitan da zai tashi da wanda zai karɓe shi, domin a wannan gaɓar ce bayanin majinyaci ya fi salwanta, musamman sakamakon gwajin da ba a kai ga dubawa ba da maganin da aka sauya da rana. Sun ce a rubuta komai, kada a dogara da ƙwaƙwalwar da ta kwana ba barci.

An daɗe ana muhawara kan gajiya. Wasu sun tuna cewa tun 2003 aka ƙayyade wa irin waɗannan likitoci awa 80 a mako a Amurka, bisa matsakaicin lissafin mako huɗu, amma a ganina wanda ya ce ƙa'idar ba ta hana aikin rubuce-rubuce bin likita har gida ya fi kusa da gaskiya.

Sun kuma ja hankalin sabon likita da ya girmama ma'aikatan jinya, waɗanda sukan riga kowa lura da sauyin yanayin majinyaci, kuma ya kira babban likita da wuri idan al'amari ya shige masa duhu, ko da tsakar dare ne.