Kwal: baƙin jini ne ya yi masa yawa, ko hayaƙinsa ne ke kai ƙararsa?

Injiniya Bashir: Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana, na kuma san za a yi mini ca a kanta. Ni a ganina babbar matsalar kwal baƙin jini ne. An ɓata masa suna, masu shi kuma sun naɗe hannu suna kallo. Har gobe kusan kashi ɗaya cikin uku na wutar lantarkin duniya daga kwal take fitowa. Sin kaɗai tana ƙona fiye da rabin kwal ɗin da duniya ke ƙonawa, Indiya kuma sama da kashi 70 cikin 100 na wutarta daga shi ne. Da masu wannan harka za su zuba kuɗi su wayar da kan jama'a yadda ya dace, da ra'ayin mutane ya juya cikin 'yan shekaru.

Malam Sule: Wa'alaikumus salam Injiniya. Talla ce sana'ata, don haka bari in fara da inda ka ce sun naɗe hannu. Ba su naɗe ba, sun zuba kuɗi har sun gaji. A 2008, lokacin zaɓen shugaban ƙasa a Amurka, wata ƙungiyar kamfanonin kwal da na lantarki mai suna ACCCE ta kashe miliyoyin daloli tana tallar "tsaftataccen kwal" a talabijin. Ana cikin haka, a Disambar shekarar, bangon tafkin da ake tara toka a tashar Kingston da ke jihar Tenesi ya fashe. Sama da galan biliyan 1 na toka mai ruwa ya kwararo ya binne filaye, ya rushe gidaje, ya gangara kogi. Hoton gida guda nutse cikin taɓon toka ya cinye tallar shekara ɗaya.

Tsugune ba ta ƙare ba. A 2009, bayan ƙuri'ar majalisar wakilan Amurka kan dokar sauyin yanayi, sai aka gano tun kafin ƙuri'ar wani kamfanin da aka ba kwangilar kamfe ɗin ya aika wa wasu 'yan majalisa wasiƙun bogi da sunan ƙungiyoyin baƙar fata da na tsofaffi, wai su ma ba sa son dokar. ACCCE ta ce ba ita ta sa ba, amma wa ya tsaya sauraro?

Zainab: Baba Sule ka manta da na Ostireliya. A 2017 Scott Morrison, yana ministan baitulmali a lokacin, ya shiga zauren majalisa riƙe da dunƙulen kwal, yana ɗaga shi sama yana cewa kada kowa ya ji tsoronsa. Ministoci suna miƙa wa juna suna dariya. Daga baya aka ji ashe an shafe dunƙulen da man ƙyalli don kada ya ɓata musu hannu. Yaya Bashir, irin wannan wayar da kan kake nufi?

Injiniya Bashir: Ƙanwata, wannan wasan 'yan siyasa ne, ba ruwan injiniyoyi da shi.

Dakta Maryam: To bari mu bar 'yan siyasa mu koma asibiti. Injiniya, mutane ba a jarida suka koyi ƙin kwal ba, a ƙirjinsu suka koya. Daga 5 zuwa 9 ga Disambar 1952 iska ta tsaya cik a Landan, ga sanyi, kowane gida yana ƙona kwal, tashoshin lantarki ma haka. Hayaƙin ya haɗu da hazo ya sauko ƙasa, ta kai mutum ba ya ganin ƙafarsa. Sai da aka riƙa tafiya a gaban motocin haya da fitila a hannu ana nuna wa direba hanya. A lokacin an ƙiyasta mutum 4,000 suka mutu, binciken baya ya kai adadin wajen 12,000. Wannan ne ya haifi dokar tsaftace iska ta 1956. Babu wani ɗan rajin kare muhalli da ya shirya wannan.

Kuma abin da ke kisa har yau ba baƙin hayaƙin da ido ke gani ba ne kawai. Ƙurar da ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba ita ce ke wuce hanci ta shiga can cikin huhu, daga nan ta shiga jini. Ga hayaƙin farar wuta, ga zaiba da ke sauka cikin ruwa ta taru a jikin kifi. Uwar da ɗanta ke fama da asma a gefen tasha, wace talla za ka nuna mata?

Injiniya Bashir: Dakta, kin kawo mini labarin shekara 70 da suka wuce, ni kuma ina maganar tashar yau. Bari in gaya miki abin da hayaƙi ke ratsawa kafin ya kai bakin bututu. Da farko yana bi ta tsakanin faranta masu ɗauke da caji, ƙurar ta manne musu, a girgiza su ta zube ƙasa a kwashe. Wannan kaɗai yana kama sama da kashi 99 cikin 100 na tokar. Daga nan ya shiga wata doguwar hasumiya inda ake fesa masa ruwan garin farar ƙasa daga sama. Farar wutar ta haɗu da shi ta koma wani farin gari da ake sayar wa masu yin allunan rufi da siminti. Sama da kashi 90 na farar wutar a nan take tsayawa. Shi ya sa tun bayan gyaran dokar tsaftace iska ta Amurka a 1990, hayaƙin farar wuta daga tashoshin Amurka ya ragu da fiye da kashi 90. Ga sababbin tukwanen tururi masu tsananin zafi da matsi, irin waɗanda Japan da Sin ke ginawa, suna mayar da kusan kashi 45 na ƙarfin kwal lantarki, tsofaffin kuwa da ƙyar su wuce kashi ɗaya cikin uku. Mutum nawa ne a titi ya san wannan? Abin da nake cewa ke nan a faɗa wa jama'a.

Malam Sule: Ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: bayan gyaran doka. Doka ce ta tilasta musu, kuma da yawansu sun yaƙe ta kafin su bi. Maƙwabtan tasha sun rage ƙorafi ne saboda hayaƙin ya ragu da gaske. Ni ban taɓa ganin inda allon talla ya yi wannan aikin ba.

Zainab: Kuma duk matatun da ka lissafa babu wadda ke taɓa iskar kabon. Kowane yunit na wutar kwal yana fitar da kusan kilo 1 nata, ninki biyu na abin da gas ke fitarwa. Ita ce asalin rigimar yanzu.

Injiniya Bashir: Ita ma ana kama ta a tura ƙarƙashin ƙasa. Tashar Boundary Dam a Kanada tana yi tun 2014.

Nura: Ɓangare ɗaya na tashar, ranka ya daɗe, ba duka ba. Petra Nova ta Tekzas ta fara a 2017, ta tsaya a 2020 da farashin mai ya faɗi, domin iskar da take kamawa rijiyoyin mai ake tura wa, sai a 2023 ta dawo. Kemper ta Misisifi kuwa, wadda aka ce ita ce zakaran gwajin dafi, ta lashe kusan dala biliyan 7.5, a 2017 aka haƙura da kwal ɗin aka koma ƙona gas. Cikin dubban tashoshin kwal na duniya, masu kama kabon ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Alhaji Garba: Na daɗe ina karanta ku ban ce uffan ba. 'Ya'yana, duk misalanku daga ƙasashen da suka ƙoshi ne. Ingila ta kunna tashar kwal ta farko a Landan a 1882, ta rufe ta ƙarshe, Ratcliffe, a ranar 30 ga Satumbar 2024. Shekara 142 tana ƙonawa, ta gina masana'antu da jiragen ƙasa da na ruwa, sannan ta goge baki ta juyo tana wa'azi. Jamus ta yi doka za ta bar kwal nan da 2038, amma da Rasha ta rufe bututun gas a 2022, tsofaffin tashoshin da ta ajiye ta sake hurawa, babu wanda ya ce mata kanzil. Alhali mutum kusan miliyan 600 a Afirka kudu da Sahara ba su da lantarki ko kaɗan. Matar da ke haihuwa da fitilar waya ba ta da ra'ayi a kan kabon. Wanda ya ƙoshi bai san da mai jin yunwa ba. In ana son gyara sunan kwal, wannan gaskiyar kaɗai ta isa.

Malam Sule: Alhaji, Allah ya ƙara girma, batun fuska biyu na Turawa ban musa ba ko kaɗan. Sai dai wannan hujjar ma an riga an saye ta an yi talla da ita. A 2014 kamfanin Peabody, babban mai haƙar kwal na Amurka, ya ƙaddamar da kamfe yana cewa kwal ne maganin talaucin makamashi, da hotunan talakawan duniya. A shekarar ce hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya ta ce tallarsa ta tsaftataccen kwal tana ɓatar da masu karatu, ta hana sake buga ta a haka. A 2016 kamfanin ya shiga kotun fatara. Talakan da aka yi tallar da hotonsa yana nan cikin duhunsa.

Zainab: Baba Alhaji, kuma yawancin miliyan 600 ɗin nan a karkara suke, nesa da layin wuta. Ko an gina katafariyar tasha, sai an ja waya ɗaruruwan kilomita kafin ta iso su. Dubi Afirka ta Kudu, kusan kashi 80 na wutarta kwal ne. Bankin Duniya ya ba Eskom, kamfanin lantarkin ƙasar, rancen dala biliyan 3.75 a 2010, akasarinsa don tashar Medupi, da sharaɗin za a saka matatar farar wuta. An fara ginin a 2007, ba a gama ba sai 2021, kuma har aka gama babu matatar. A 2023 ƙasar ta sha ɗauke wutar da ba ta taɓa gani ba. Sannan wa zai ba da kuɗin sabuwa? Shugaba Xi ya faɗa a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2021 cewa Sin ta daina gina tashoshin kwal a ƙasashen waje. Farashin wutar sola kuma ya faɗi da kusan kashi 85 tsakanin 2010 da 2020.

Alhaji Garba: Ta daina ginawa a waje, amma a gida fa? Har yanzu tana ginawa, da wutar kuma take ƙera farantan solar da take sayar muku.

Injiniya Bashir: Allah ya saka, Alhaji. Kuma in rana ta faɗi, masana'antar da ke aiki dare da rana ta jira gari ya waye? Ga ƙarfe. Kusan kashi 70 na ƙarfen duniya a tanderun da ke cin gasasshen kwal ake narka shi. Turakun injin iska da kuke yabo ma da shi aka yi su.

Malam Sule: Yauwa. Da wannan ka fara da tuni mun rage musu. In aka kawo mini kwangila aka ce in rubuta cewa duniya ba ta da abin da zai maye gurbin kwal a narka ƙarfe da yawa haka a yau, zan rubuta in sa hannu, domin babu mai ƙaryata ni gobe. In aka ce in rubuta cewa yana da tsafta, sai in mayar da kuɗin. Ƙungiyar kwal ta duniya ta sauya suna zuwa FutureCoal a 2023, ni a wurina shafa hoda ne a kan ƙurji. Abin da zan ba su shawara ba ya buƙatar mai zane: a saka na'urar auna hayaƙi a bututu, alƙaluman su riƙa fita a intanet kowace sa'a kowa ya gani, a daina tara toka a tafki mai bangon ƙasa, a biya wanda huhunsa ya lalace ba sai ya shekara yana zarya a kotu ba.

Dakta Maryam: Na ƙarshen nan shi ne ba a son ji. Ciwon baƙin huhu ba ya warkewa, kuma ya dawo da ƙarfi a yankin Apalaciya na Amurka har a jikin mahaƙa masu ƙananan shekaru, saboda yanzu suna yankar dutse da yawa kafin su kai ga siririn kwal. A Soma ta Turkiyya mutum 301 suka mutu a rami ɗaya a 2014.

Alhaji Garba: Duk da haka, Dakta, je ki garuruwan mahaƙan ki ce za a rufe ramin ki ga wanda zai fara jifan ki. A Silesiya ta Folan, a Mpumalanga ta Afirka ta Kudu, a Bajiniya ta Yamma ta Amurka, su ne masu kare kwal da ƙarfinsu. Da aka rufe tashar Komati ta Mpumalanga a 2022, mutanen garin ba murna suka yi ba. To ra'ayin wace jama'ar ake son gyarawa? Na kusa da shi suna son sa don abincinsu, na nesa suna ƙin sa suna amfani da wutarsa.

Nura: Aikin suke so, Alhaji, ba ƙurar ba.

Malam Sule: Injiniya, tambaya ɗaya ta rage mini. Hujjarku ta farko kullum ita ce kwal yana da araha. In ka saka matatar ƙura, ka saka ta farar wuta, ka ɗora mai kama kabon wadda ita kanta ke cinye wani babban kaso na wutar tashar, ka biya diyyar mahaƙa, arahar tana nan? Wanne zan sa a allon, mai araha ko mai tsafta?

Injiniya Bashir: Ban da mai kama kabon, a ƙasar da kwal ke ƙarƙashin ƙafarta kuma tashar ta riga ta biya kuɗin gininta, tana nan. Sabuwar tasha da komai da komai kuwa, lissafin ya danganta da kuɗin ruwan rance da nisan mahaƙa. Amma ku ma ba ku sa kuɗin batirin da zai riƙe masana'anta daga magariba zuwa hantsi a naku lissafin ba. Zainab, ki kawo naki alƙaluman na sola haɗe da batir, ni ma in kawo nawa, mu jera su yunit da yunit.

Zainab: Na yarda, Yaya, amma da sharaɗi: kuɗin asibitin da Dakta ta ambata zai shiga layin kwal.