Me ya sa sai an yi awon zuciya kafin a ba da maganin daidaita bugawarta?

Ba'adare, daga Tawa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Mahaifiyarmu ta haura shekara 60 kuma ta daɗe da hawan jini, sai ga shi yanzu zuciyarta tana bugawa da sauri ba a jere ba, tana haki idan ta ɗan yi tafiya. Likitan da ya duba ta ya yi mata awon ECG, wato na lantarkin zuciya, ya rubuta ACFA a takarda, ya ba ta ƙwayar rage gudun zuciya, amma ya ce ba za a fara maganin da ke mayar da bugawar daidai ba sai an yi hoton eko na zuciya da awon jini iri-iri, kuma ya fi son likitan zuciya ya gan ta a Yamai. Wani surukinmu da ke shan Flécaïne ya ce ciwonsu ɗaya ne, mu sayo mata kawai a farmasi mu huta da tafiyar sama da kilomita 500. Ina roƙon masu sani su fayyace mana: waɗannan awo dole ne, ko tsantseni ne kawai irin na likitoci?

Wani likita, daga Yamai

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Kada ku sayo mata maganin surukinku, domin likitan nan bai faɗi komai ba sai abin da aikin ya tanada.

ACFA na nufin ɗakuna biyu na saman zuciya sun daina matsawa a tsare, karkarwa kawai suke yi, shi ya sa bugawar ke zuwa a hargitse. Magungunan da ke gyara wannan suna taɓa yadda lantarki ke ratsa naman zuciya, kuma maganin da zai daidaita zuciya mai lafiyayyen nama shi ne zai iya jefa mai rauni cikin rikicewar da ta fi ta farko muni. An koyi wannan da tsada. A shekarar 1989, a wani babban bincike da aka yi a Amurka mai suna CAST, an ba waɗanda suka taɓa samun toshewar jijiyar zuciya flekayinid, wato sinadarin da ke cikin Flécaïne, da wani ɗan'uwansa, da niyyar kare su daga mutuwar farat ɗaya. Sai aka ga masu shan maganin suna mutuwa fiye da waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta, har aka dakatar da ba da shi kafin wa'adi. Tun daga nan ba a ba da flekayinid ga wanda jijiyoyin zuciyarsa suka toshe ko wanda zuciyarsa ta raunana.

ECG wayoyin lantarkin gida yake dubawa, eko kuwa ginin kansa. Eko ne ke nuna kaurin bangon zuciya, wanda hawan jini na shekaru ke ƙarawa, da girman ɗakunan, da lafiyar ƙofofin da ke tsakaninsu, da kuma kason jinin da babban ɗakin hagu ke turawa a kowace bugawa. Lafiyayyar zuciya takan tura kashi 55 cikin 100 ko fiye, idan kuwa ya sauka ƙasa da 40 to ta raunana, kuma yawancin magungunan nan sun haramta, sai amiyodaron kusan shi kaɗai ya rage. Hakin da Hajiya ke yi zai iya zama daga gudun zuciyar, zai iya zama daga rauninta, kuma kunne da abin saurare ba za su raba gardamar ba.

Takardar ECG ta farko ma ku adana ta sosai. Da ita ake gwada waɗanda za a yi bayan an fara magani: flekayinid yana faɗaɗa wani sashe na zanen takardar da ake kira QRS, idan ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sai a rage ko a tsayar, sotalol kuma, wani maganin daidaita bugawar, yana tsawaita wata tazara a zanen da ake kira QT, wadda idan ta kai 500 a ma'aunin kashi dubu na daƙiƙa ana cikin haɗari.

Mai aikin farmasi, daga Yamai

Ina goyon bayan Likita, sai dai zan ƙara magana kan awon jini, domin shi mutane suka fi rainawa. Da yawa daga cikin tsofaffinmu masu hawan jini suna shan ƙwayar sa fitsari irin su Lasilix, wadda ke zubar da potasiyom, wani gishiri da ke cikin jini, ga zufar watan Afrilu da Mayu, ga zawo da amai. Potasiyom ya kamata ya zauna tsakanin 3.5 da 5, kuma idan ya yi ƙasa, maganin da ke tsawaita QT zai iya sa mutum ya yanke jiki ya faɗi. Awon ƙoda kuma don sotalol da digozin, wata ƙwayar rage gudun zuciya, ta ƙoda suke fita, idan ta gaza sai su taru a jini ko da ba a wuce adadin da aka rubuta ba.

Malam, ranar ganin likita ku zuba duk abin da Hajiya ke sha a leda ku tafi da shi, har da na gargajiya. Kinin da wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro, da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su azitromisin, su ma suna tsawaita QT, kuma da damina kusan kowane gida akwai su.

Uwargida, daga Ƙonni

Maigidana Cordarone yake sha, wato amiyodaron ɗin da Likita ya ambata, saboda eko ya nuna zuciyarsa ta raunana. Kafin a fara sai da aka auna TSH, awon halittar nan ta wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo, aka auna hanta, aka ɗauki hoton ƙirji. An gaya mana maganin yana ɗauke da aidin mai yawa, yana iya sa halittar ta yi sanyi ko ta yi zafi fiye da kima, yana iya taɓa huhu, kuma ko an daina sha yakan yi watanni bai gama fita daga jiki ba. Duk wata 6 ake maimaita awon jinin. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, zafin aikin halittar wuyan shi kansa yana haddasa rikicewar zuciya, don haka wani ma idan an yi maganin wuyan, zuciyar takan lafa.

Ba'adare, daga Tawa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tunda ƙwayar rage gudun ta sa ta ji sauƙi, za mu iya jinkirta tafiyar har hali ya samu?

Wani likita, daga Yamai

Malam, maganin daidaita bugawa zai iya jira, kuma tsofaffi da yawa ba sa ma buƙatarsa idan gudun zuciyar ya sauka ƙasa da 110 a minti suna hutawa kuma hakin ya tafi. Abin da ba ya jira shi ne batun gudan jini. Ɗakin da ke karkarwa jini yakan kwanta a cikinsa ya daskare, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, shi ya sa masu ACFA suka fi sauran mutane haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan ninki 5. Ku koma wurin likitanku a makon nan ku tambaye shi maganar maganin tsinka jini, wanda shi ma sai an duba ƙoda da yawan jini kafin a fara shi.

A nan ma shawarar surukinku tana da wani haɗarin. Idan rikicewar ta wuce kwana ɗaya zuwa biyu, ba a mayar da bugawa daidai sai an sha maganin tsinka jini na mako 3, domin matsawar farko ita ke iya tunkuɗa gudan da ya riga ya kwanta. Eko kuma shi zai zaɓi irin maganin tsinka jinin: idan ƙofar hagu ta ƙuntata sakamakon ciwon maƙogwaro da gaɓoɓi na yarinta, abin da muke gani da yawa a ƙasar nan, to Sintrom ko makamancinsa ake bayarwa, ana auna INR, wato ma'aunin tsinkewar jini, ya zauna tsakanin 2 da 3, kuma amiyodaron yana ƙara masa ƙarfi, sai an rage adadi idan za a haɗa su. Idan kafin tafiyar kuka ga bakinta ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ta suma, ku kai ta asibiti mafi kusa a take, da takardar ECG da ledar magungunan a hannu.