Shawara ta kama yaron kiwona, an ce daga raƙuma ne: in sayar da su?

Mai tambaya, daga wajen Illela:
Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Ina da taguwoyi 6 da 'yan raƙuma 3, da awaki da shanu kaɗan, ina kai nonon taguwa cikin garin Sakkwato. Yaron da ke yi mani kiwo idonai ya yi ɗorawa, hitsarinai ya yi ja, anka kai shi asibiti, gwaji ya nuna ciwon hanta nau'in E. Mutane na ta cewa daga raƙuma ya ɗauka, har masu sayen nono sun fara ja da baya. Ga uwargida da ciki wata 7, kuma ɗanyen nonon take sha. Raƙuman kuwa lafiyarsu lau. In sayar da su? Ko akwai allurar da za a yi masu?

Likitan dabbobi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba yaro lafiya. Kada ka yi gaggawar kai su kara. Ƙwayar wannan cuta suna ɗaya gare ta, amma dangi 8 ce, kuma kowane dangi da inda yake zama. Na 1 da na 2 mutum kaɗai suke kamawa, hanyarsu ruwan sha da bayan gida ya gurɓata. Su ne ke haddasa annoba a ƙasashenmu, irin wadda aka yi a Diffa ta Nijar da Ngala ta jihar Borno a 2017. Na 3 da na 4 gidansu alade da aladen daji da barewa, na 3 har da zomo. Tun 1997 aka gano ta a aladen Amurka. Na 5 da na 6 aladen dajin Japan. Na 7 shi ne na raƙuminmu mai tozo ɗaya, an gano shi a Dubai a 2014, daga baya aka same shi a raƙuman Kenya da Somaliya da Pakistan. Na 8 na raƙumi mai tozo biyu ne na ƙasar Sin.

To, na 7 yana iya shiga mutum, wannan gaskiya ne. A 2016 an ba da rahoton wani mutum a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da aka yi wa dashen hanta, mai yawan cin naman raƙumi da shan nononsa, aka sami dangi na 7 a jininsa. Amma ka lura, mutum ne da magani ya danne masa garkuwar jiki. Yaro lafiyayye mai bin dabbobi daji yana shan ruwan tabki da na gulbi, a ganina ruwan ne abin tuhuma na farko. Ka tambaye shi inda ya riƙa sha mako 2 zuwa 10 kafin ya kwanta, don tsawon lokacin da cutar ke ɓuya a jiki ke nan, galibi mako 5 zuwa 6.

Allurar dabbobi babu, maganin da za a ɗura masu ma babu. Duk wanda ya ce zai yi masu allura saboda wannan, kuɗinka zai ci. Kuma lafiyar da kake gani a jikinsu ba shaida ba ce, dabbar da ke ɗauke da ita ba ta nuna komai.

Ungozoma:
Alhaji, a bar maganar sayar da raƙuma tukuna, maganar Hajiya ta fi gaggawa. Ga yawancin mutane cutar na tafiya da kanta cikin mako 2 zuwa 6. Ga mai ciki a watanni ukun ƙarshe kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace-mace na iya kaiwa kashi 20 zuwa 25 cikin 100, ban da ɓari da haihuwar bakwaini da zubar jini. Dangi na 1, na ruwa, shi aka fi sani da wannan ɓarna. Daga yau ruwan da za ta sha a tafasa shi har ya yi minti 1 yana ɓararraka, a zuba a mazubi mai murfi da moɗarsa daban. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar. Ɗanyen nono ta bar shi. In ta wanke wa yaron kaya ko kwano, ta daina. A kai ta awo a gaya masu akwai mai wannan ciwo a gida. Da an ga idonta ya canza, ko amai, ko yawan barci da ruɗewa, a wuce asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a daren, kada a jira safiya, kada kuma a tsaya jiƙe-jiƙe. Shi ma yaron a rage masa farasitamol barkatai da sassaƙe, hantar da ta kumbura ba ta son ƙarin aiki.

Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje:
Ƙari kan bayanin Likita. In ka ce za ka gwada dabbobin, ka san irin gwajin da ka biya. Na ELISA sawun cutar yake nema a jini. Babbar taguwa na iya nuna sawun alhali ta rabu da ƙwayar tun tana ƙarama, sai ka yar da dukiyarka a banza. Wani abin kuma, dangogin nan duk kama ɗaya suke a idon garkuwar jiki, don haka ELISA ba ya gaya maka dangi na nawa ne. Na PCR shi ke kama ƙwayar kanta, a kashi ko jini ko nono, sannan a karanta tsarin halittarta a san danginta. Sai an sami dangi ɗaya a yaron da raƙuman za a ce daga can ta fito.

A fara da 'yan raƙuman 3, don waɗanda ba su kai shekara ba su suka fi zubar da ita a kashi. A ɗebi kashi sabo a roba mai murfi, kamar cikin cokali ɗaya kowanne, a sa a kula da ƙanƙara, a kai a ranar. Zafin Sakkwato na lalata samfur, ya fito babu alhali akwai. Tsangayar likitancin dabbobi ta jami'ar Danfodiyo za su nuna maka inda ake yi, akwai kuma cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato.

Mahauci:
Likita, mu fa da ke kwata? Hantar raƙumi ana rububinta, wasu ma ɗanya suke so.

Likitan dabbobi:
Malam, hantar ce matattararta. Ɗanya kam a'a. Gashin da waje ya ƙone ciki na jini shi ma bai yi ba. Gwaji ya nuna sai tsakiyar naman ya kai zafin digiri 71 na ma'aunin Salsiyas ya yi minti 20 a haka, digiri 56 na awa guda bai gama da ita ba. A yanka ƙanana, a gasa har ja ya ɓace. Firiza ba ta kashe ta. Wuƙa da katakon da aka fede hanji da su kada su taɓa tsire ko balangun da ya gasu, kuma mai rauni a hannu ya sa safar roba.

Alhaji, nono kuwa a tafasa. A lardin Yunnan na Sin an sami dangi na 4 a nonon shanun da ake kiwo tare da aladu, ɗumamawa ba ta kashe shi ba, tafasa ta minti 3 ta kashe. A Jamus an duba ba a samu ba, shi ya sa shanunka da awakinka ba su ne abin damuwata ba. Na san masu saye na cewa tafasa na rage albarkar nonon taguwa, amma tana kuma raba su da cutar burusela, mai sa dabbobi ɓari, da tarin fuka, waɗanda suka fi wannan yawa a garkenmu. Kafin tatsa a wanke hannu da sabulu, a wanke hantsa, musamman bayan ɗan raƙumi ya tsotsa. Kwamin shan dabbobi a janye shi daga bakin rijiyar gida, masai kuma ya yi nisan aƙalla mita 30 da ita, ta gangare.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na tambayi yaron, ya ce tun farkon damina ruwan tabki yake sha, kuma abokin kiwonai ma ya kwanta da irin ciwon.

Ungozoma:
To mutum 2 daga tabki ɗaya, wannan sai a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma gobe, su zo su duba ruwan. A kuma ƙirga masu ciki na rugar da ke ɗiba a wurin, a fara da su.