Samfurin dasashi yana isa lab, faranti ya fito wayam: wa ya taɓa fama da wannan?

Ummu Hanan: Salamu alaikum 'yan'uwa. Muna ɗaukar samfuri daga ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi da tsinken takarda, mu aika lab a wani gari. Majiyyaci dasashinsa na zubar da jini, haƙori na girgiɗi, amma ƙwayar cutar dasashi da muke nema, Porphyromonas gingivalis, ta ƙi tsirowa a farantin da lab ke renon ƙwayoyi a kai. Abin yana ci mini rai, domin da kuɗinsu mutanen nan suke biya. Ku da kuka riga mu a aikin, ya kuke yi?

Baban Lab: Wa alaikumus salam Hajiya. A cikin me kuke saka tsinken? Wannan ƙwayar iskar oksijin ce ajalinta. Mu a wajenmu samfuran da ake kawowa cikin ruwan gishiri kusan duk a mace suke zuwa. Da aka koma VMGA III, sinadarin ɗaukar samfuri da ke kare ƙwayar daga iska, wanda wani masani Möller ya haɗa a Suwidin, sai muka fara ganin baƙaƙen ɗigon da ƙwayar ke yi idan ta tsiro a farantin jini. Ki lura da launin VMGA ɗin: idan ya koma shuɗi, iska ta shiga, ki jefar da kwalbar. Tsinke na fita daga baki ya faɗa ciki, a rufe nan take. Kuma kada a yi gaggawar karanta faranti, sai ya yi kwana 7 zuwa 14, da hemin (wani sinadari na jini) da bitamin K a ciki, domin ƙwayar na buƙatarsu.

Dakta Gwaggo: Ni firji ne ya dame ni. Ɗan aike yana ganin alheri yake yi idan ya lafta ƙanƙara a kula, alhali ruwa mai sanyi ya fi shan oksijin. Na sha bambami kafin a daina. Sai dai zafin Afrilu ma ba abin wasa ba ne, samfuri a but ɗin mota da rana tsaka ya gama yawo. Yanzu kula muke sa wa ba ƙanƙara, a ajiye ta a inuwa, ta isa cikin awa 24.

Ɗan Autan Lab: Ranki ya daɗe, mu tulun kyandir kawai muke da shi, wanda ake kunna kyandir a ciki a rufe da faranti don rage oksijin. Aggregatibacter, wata ƙwayar cutar dasashin, tana fitowa, sauran shiru.

Baban Lab: Ƙanena, kyandir yana mutuwa tun da sauran oksijin mai yawa a tulun. Aggregatibacter tana jure iska, shi ya sa. Ku nemi GasPak, ƙunshin sinadarin da ke cinye oksijin ɗin cikin tulu. Tannerella forsythia kuwa, ita ma ƙwayar cutar dasashi ce, ko da shi ma sai an ƙara mata sinadarin N-acetylmuramic acid a faranti kafin ta tsiro.

Maman Sadik: Hajiya, in dai sanin ko ƙwayar na nan kawai kike so, PCR, gwajin da ke neman DNA ɗin ƙwayar, ya ishe ki, shi ko matacciya ce yana gano ta. Mu muna daskarar da tsinken a firiza, a digiri -20. Ciwon kanmu ɗauke wuta: ya narke ya sake daskarewa, DNA ta lalace. Na koma ajiye nawa can ƙasan firizar da ke kan sola. Amma gwajin wane magani zai kashe ta, dole sai da rai.

Ummu Hanan: Gwajin maganin nake nema, Maman Sadik. Baban Lab, VMGA III ɗin kuna haɗawa da kanku ne ko saye kuke yi?