Neman kalma: yoyo ne ko aro ba mayarwa?

Daga Birnin Kebbi:
Malamai, ina rubuta darasi da Hausa domin yaran da nake koya wa haɗa kwamfutoci, sai na cije a kan abin da Bature ke kira "memory leak". Mafi yawan zuciyar manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara fitarwa a 1991, da harshen rubuta manhaja mai suna C aka rubuta ta, kuma a can duk sashen da ya karɓi wurin ajiya shi ke da alhakin mayar da shi. A gadar da ke haɗa layukan sadarwa cikin na'ura ɗaya, kowane ƙunshin bayani yana zama ne a wani ɗan gurbi mai suna sk_buff, kuma idan kuskure ya sa ana mantawa da sakin wasu gurabe, a hankali wuri zai ƙare har na'urar ta fara kashe manhajojinta domin ta sami sarari. Na rubuta "yoyon ma'adana", amma raina bai kwanta ba.

Daga Gusau:
Malam, ni ban ga aibin yoyo ba. Randar da ta tsage ba ta ƙarewa nan take, sai an wayi gari a tarar ruwa ya yi ƙasa, kuma haka wannan cuta take.

Daga Birnin Kebbi:
Gaskiya ne, Malam, ta fuskar jinkirin. Sai dai randa mai yoyo ƙasa take jiƙawa, mai gyara kuma ya bi danshin ya sami tsagar. A nan babu abin da ya fita waje. Wurin yana nan daram, an dai rubuta cewa yana hannun wani, alhali babu wanda ya san hanyar komawa gare shi. Ya fi kama da dillalin albasa a Aliero wanda ke ba da aron buhuna da safe, a mayar da yamma: idan kullum uku suka maƙale kuma takardar da aka rubuta sunan masu aron ta ɓata, ranar da kaya suka yi yawa zai leƙa shago ya tarar babu buhu ko ɗaya, ba tare da ɓera ya huda ko guda ba. Tsorona shi ne yaron da na koya wa "yoyo" zai tafi neman huda.

Daga Argungu:
Ranka shi daɗe, ai ka riga ka faɗi kalmar da bakinka: aro ba mayarwa. Yadda ake farautar matsalar ma ya goyi bayanka. Mai gyara yakan buɗe /proc/meminfo, fayil ɗin da ke nuna lissafin wurin ajiya, ya sa ido a kan layin SUnreclaim, wato wurin da zuciyar manhajar ta riƙe wanda ba a iya karɓewa, idan ya ga yana hawa ba ya sauka, sai ya duba manhajar slabtop, mai jera guraben iri-iri, ya ga wane irin gurbi ne ke taruwa. Daga nan sai kmemleak, kayan aikin farautar wannan matsalar wanda ya shiga Linux a 2009, yana zagayawa duk minti 10 yana neman guraben da babu mai nuni gare su, ya kuma faɗi wanda ya karɓe su tun farko. Wannan aikin mai bin bashi ne, ba na mai liƙin randa ba.

Amma a kiyaye, ba duk abin da gada ta riƙe ba ne ya shiga wannan suna. Tana ajiye adireshin kowace na'ura da ta ji motsinta, ta goge shi bayan daƙiƙa 300 idan na'urar ta yi shiru. Wannan aro ne mai wa'adi.

Daga Gusau:
Kalmomi uku sun yi wa baki yawa a wurin aiki. Yaya za a faɗe shi a aikace?

Daga Birnin Kebbi:
Sai a ce "gadar tana danne aro". Na gwada shi a kan saƙon da ke fitowa idan an zo cire katin sadarwa, zuciyar manhajar ta tsaya tana cewa tana jiran a sake shi saboda lissafin masu riƙe da shi bai koma daidai ba, kuma sunan ya zauna ba tare da tilas ba. Na goge "yoyo" daga kan darasin, na bar shi a layi ɗaya kawai, inda nake gaya wa yaran abin da kalmar Turancin take nufi.